Marigayi Dokta Bala Usman Da Siyasar "Namu Ne"

  Abin da nake so in tattauna a kai shi ne wani bawan Allah ɗan ƙasar Katsina, wanda ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da tambaya guda ɗaya, watau tambayar nan da muka saba yi da zarar an ce ga mai neman shugabanci: shin ɗan wace ƙabila ne, daga wane gari ya fito? Na zaɓi in yi maganarsa ne saboda abin da ya sami Batsari da Safana daga shekarar 2019 ya sa tilas mu sake duba abin da ya faɗa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba ni da katin kowace jam'iyya, don haka kada wani ya ɗauka kamfe nake yi wa wani.

An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa cikin shekarar 1945. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, ɗan uwan Sarki Usman Nagogo, watau ke nan shi jikan Sarki Muhammadu Dikko ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, ya wuce Ingila inda ya sami digiri a Jami'ar Lankasta, ya dawo ya koyar a Kwalejin Barewa ta Zariya, sa'an nan ya shiga Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya sami digirin dokta a 1974 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Na kawo asalinsa ne don mai karatu ya lura da abu guda. In da akwai mutumin da zai ci ribar cewa mulki gadon wani jinsi ne, to shi ne, domin ta uwa ta uba jinin sarauta ne. Amma sai ga shi shi ne ya fi kowa dagewa wajen rushe wannan magana.

Littafin da ya fito daga binciken digirinsa shi ne The Transformation of Katsina, wanda aka buga a Zariya cikin 1981, ya kuma bi tarihin ƙasar Katsina tun daga wajen 1400 har zuwa 1883. Kafin wannan littafi, labarin da aka saba karantawa a makarantu gajere ne ƙwarai: wai da can Haɓe ke mulki, sai Fulani suka zo suka yi jihadi suka karɓe, sai kuma Turawa suka zo suka tarar da Fulani a kan gado suka bar masu. Ba haka kawai Turawan mulkin mallaka suka tsara labarin ta wannan fuska ba. A zamaninsu akwai wani ra'ayi mai ƙarfi a Turai cewa baƙar fata ba ya iya kafa daula da kansa, duk inda aka ga tsarin mulki a Afirka to lalle wasu masu hasken fata ne suka kawo shi daga arewa ko daga gabas. Shi Lugga ya ɗauki Fulani a matsayin jinsin da ya dace da mulki, Razdan Palmer kuwa, wanda ya zauna a Katsina, ya sha wahala ƙwarai wajen neman asalin kusan kowace sarauta tamu a can wajen ƙasar baƙar fata. Wannan ra'ayi ya yi masu amfani, domin idan aka yarda cewa mulki na jinsin da ya fi ne, to Bature da ya ci kowa da yaƙi a 1903 shi ya fi cancanta ke nan.

Dokta Bala bai tsaya gardama da baki ba. Ya bi garuruwa da ƙauyuka yana tambayar dattawa, ya karanta takardun Larabci na malamanmu, ya kuma sake karanta littattafan matafiya Turawa da idon mai tuhuma. Abin da ya nuna shi ne, Katsinawa ba zuriyar mutum ɗaya ba ce. Ƙasa ce da ta yi ta karɓar baƙi shekaru aru-aru: Wangarawa daga yamma, Barebari daga gabas, Azbinawa da Larabawa daga arewa, Fulani makiyaya da Fulani malamai, kowa ya zo da sana'arsa ya zauna ya yi aure ya zama Bakatsine. Shi kansa Muhammadu Korau, wanda ake farawa da shi in ana lissafin sarakunan Musulunci na Katsina, labari ya nuna daga 'Yandoto ya zo. Waliyyi Ɗan Masani, wanda babu Bakatsinen da ba ya alfahari da shi, asalin gidansu Barno ne. Kalmar Haɓe ma ba Hausa ba ce, Fillanci ce, kuma ma'anarta waɗanda ba Fulani ba, saboda haka ba ta gaya maka kome game da ko mutum manomi ne ko bafatake ko basarake ko malami. A wurin Dokta Bala kuwa waɗannan su ne abubuwan tambaya: me mutum yake yi, me ya mallaka, wa yake karɓar haraji, wa yake biya.

Da aka zo kan jihadi sai maganar ta ƙara fitowa fili. Duk wanda ya duba Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu zai ga abin da ake kuka da shi: jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a saurari mutum, da ƙwace kayan talaka a kasuwa, da alƙalan da ke sayar da shari'a. Babu inda aka ce laifin sarakunan shi ne ba su jin Fillanci. Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da aka kai wa jama'arsa na cikin abubuwan da suka kunna wutar yaƙi da Yunfa, Ba'are ne. Yakubun Bauchi da ya karɓi tuta ba Bafillace ba ne. A ɗaya gefen kuma akwai Fulanin da suka tsaya tare da sarakunan da, akwai kuma malaman 'Yandoto da suka ƙi bin jama'ar Shehu har aka yaƙe su. A nan Katsina mutum uku ne suka jagoranci al'amarin, Malam Ummarun Dallaje da Malam Ummarun Dumyawa da Malam Muhammadu Na Alhaji, kuma ba kullum bakinsu ke zama ɗaya ba. Birni ya faɗi a wajen 1807, zuriyar sarakunan da suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, inda har yau sarkinsu ke amsa sunan Sarkin Katsina.

Mu mutanen yamma mu ne muka fi kowa ɗanɗana abin da ya biyo baya, domin ƙasarmu ce ta zama fagen fama tsakanin Katsina da Maraɗi da Gobir. Hare-haren zamanin Ɗan Baskore sun tayar da garuruwa da yawa, daji ya cinye gonaki, mutane suka taru a garuruwa masu ganuwa irin su Ruma. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Barth, da ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato cikin 1853, ta Kuraye da Kurfi ya bi ya sauka Zakka, daga nan ayarinsu ya ratsa daji da sauri cikin fargabar mahara har suka kai ƙasar Zurmi. Wanda ya karanta wannan wuri a yau sai jikinsa ya yi sanyi, don kuwa dajin bai canza wuri ba. Sai dai a lura, mayaƙan ɓangarorin biyu Hausa suke ji, salla ɗaya suke yi, da yawansu ma dangin juna ne. Rikicin na gadon sarauta ne da hanyoyin fatauci da ganima.

Ga kuma wani abin dariya. Turawan da suka ce Fulani ne jinsin mulki, su ne suka tuɓe Sarki Abubakar, suka tuɓe Yero, dukansu Dallazawa, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko Basulluɓe cikin 1906. Wanda aka cire da wanda aka naɗa duk Fulani ne. Ashe da aka zo wurin aiki ba jini Bature ya duba ba, wanda zai iya tafiya da shi ya duba. Jikan wanda aka naɗa ɗin ne ya zo yana koya wa ɗalibai su riƙa lura da irin wannan.

Dokta Bala bai yarda tarihi ya tsaya a aji ba, shi ya sa jama'a da yawa suka fi saninsa a matsayin mai sharhi kan al'amuran siyasa. Yana cikin mutum 49 da suka zauna rubuta tsarin mulki a zamanin Janar Murtala, inda shi da Dokta Segun Osoba, Bayarbe, suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye suka rubuta nasu dabam a 1976. Ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna a mulkin PRP na Alhaji Balarabe Musa, lokacin nan Katsina tana cikinta, tun ba a ba mu jiharmu ba ran 23 ga Satumba 1987. Ya fitar da For the Liberation of Nigeria a 1979, sa'an nan a 1987 ya fitar da The Manipulation of Religion in Nigeria, inda ya yi bayanin yadda manya ke fakewa da addini su haɗa talakawa faɗa don kada a tambaye su ina dukiyar ƙasa ta shiga. Shi da abokansa suka riƙa buga mujallar The Analyst da Turanci, da Fitila da Hausa. Bayan dawowar mulkin farar hula, sa'ad da ƙungiyoyin ƙabilu na kudu da na arewa suka cika ƙasa da kiran a zauna a raba Nijeriya gida-gida bisa ƙabila, shi da Dokta Alkasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria a shekarar 2000 daga cibiyarsu ta CEDDERT da ke Hanwa, Zariya, suna nuna cewa ƙabilun da ake magana kamar tun fil'azal suke a dunƙule, yawancinsu a cikin tarihin kwanan nan suka dunƙule. Allah ya yi masa rasuwa ran 24 ga Satumba 2005.

Ba na cewa ba shi da aibu. Harshensa na da kaifi, in ya kama mutum a takarda ba ya saki sai ya ga bayansa, wannan ya sa wasu da za su amfana da shi suka toshe kunne. Mafi yawan rubutunsa kuma da Turanci ne mai nauyi, wanda manomin Wagini ko na Runka ba zai taɓa gani ba. Har ila yau, a ganina, wani lokaci yakan rena ƙarfin da son ƙabila ke da shi a zuciyar mutum, domin abu yana iya zama ƙirƙirarre amma ya yi kisa. Duk da haka ban san wani ɗan Arewa da ya kai shi tsayawa kan hujja ba.

Tarihin zaɓe a ƙasar nan ya ba shi gaskiya fiye da yadda muke tunawa. A zaɓen fitar da gwani na SDP cikin 1992, marigayi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi rinjaye har a cikin ƙasar Yarbawa kafin Janar Babangida ya soke. Ran 12 ga Yuni 1993 Abiola ya ka da Alhaji Bashir Tofa a Jihar Kano, mahaifarsa. A 1999 Obasanjo ya faɗi a jihohin Yarbawa shida, har da Ogun inda ya fito, amma Katsinawa suka ba shi ƙuri'a da hannu biyu. Shi kuma marigayi Malam Umaru Musa, wanda ya yi PRP yana saurayi alhali mahaifinsa na cikin manyan NPN, babban aikin da ake tuna shi da shi a shugabancin ƙasa shi ne afuwar da ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009, watau mutanen da ba su haɗa harshe ko addini da shi ba. Hausawa dai sun ce naka sai naka, amma ba su tsaya nan ba, suka ƙara da cewa daɗin zama sai bare.

To, sai mu zo kan tazarcen 2019, wanda kowa a cikinmu ya gani da idonsa. Dalilan da suka sa jama'armu suka goyi bayan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ba na banza ba ne, kuma bai kamata a rena masu hankali ba. An san shi da rashin taɓa dukiyar jama'a, an tuna ayyukan PTF, an ga yadda aka ƙwato garuruwan Barno daga hannun Boko Haram, manoman shinkafa sun ga canji a aljihunsu. Amma duk wanda ya zauna majalisa a Batsari ko Safana a watannin nan ya san cewa hujjar da ta fi kowace yawo ita ce "namu ne". Mutumin Daura ne, ya san Rugu, ya san mu, in ya koma ba zai bari a taɓa gida ba. Wanda ya ce a tsaya a yi lissafin shekara huɗun farko, a tambayi dalilin da ya sa satar shanu da ta addabi Zamfara ta fara tsallakowa, sai a dube shi kamar ya zagi iyaye. Ran 23 ga Fabrairu 2019 aka yi zaɓe, Buhari ya sami ƙuri'a sama da miliyan 15 a ƙasa baki ɗaya, Atiku Abubakar ya sami sama da miliyan 11, Jihar Katsina kaɗai ta ba Buhari fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Abin lura a nan shi ne 'yan takarar biyu duk Fulani ne Musulmi 'yan Arewa, saboda haka "namu" ɗin ma sai da ya ƙanƙance ya koma na jiha.

Ba a ko rantsar da shi karo na biyu ba aka sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, ran 1 ga Mayu. Cikin watan nan dai aka kashe manoma a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, har jama'a cikin fushi suka ɗauko gawawwakin a mota suka kawo Katsina don masu mulki su gani, masarauta kuma ta fasa hawan salla a wannan shekara. A watan Satumba Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga daji da kansa neman sulhu, sulhun da daga baya shi da bakinsa ya ce an ci amanarsa. Ran 14 ga Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Ran 18 ga Afrilu aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsinma. A watan Yuni matasan 'Yantumaki suka tare hanya suka ƙona allon da ke ɗauke da hoton shugaban da suka zaɓa. Ran 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da shugaban ƙasa ke hutu a Daura. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyun, aka rufe kasuwannin dabbobi. Akwai 'yan ajinmu da suka kwashe iyayensu suka kai Katsina ko Dutsinma, gonakin gado suka koma saura.

Ban kawo wannan don in ɗora wa mutum ɗaya laifi ba, balle wanda ya riga ya koma ga Ubangijinsa cikin watan Yulin 2025, Allah ya jiƙansa. Ban kuma yi shakkar cewa abin ya dame shi ba. Amma damuwar shugaba ba ta tsare ƙauye. Abin da ke tsare ƙauye shi ne yawan 'yan sanda da kayan aikinsu, da alƙalin da ba a saya, da burtali da makiyayar da ba a yanka wa masu kuɗi ba, da iyakar da bindigogi ba sa ratsowa kamar yadda suka riƙa yi bayan rushewar Libiya a 2011, da makaranta da asibiti a rugage da ƙauyuka. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya gyaruwa don shugaba ɗan garinku ne. Illar "namu ne" ita ce tana hana a yi ciniki. Wanda ya san ƙuri'arka tasa ce ko ya yi ko bai yi ba, ba shi da dalilin zama da kai ya ji sharuɗɗanka, kai ma kunya ba za ta bar ka ka kafa masa su ba. Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. Baƙaƙen fatar Amurka sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu sun zaɓi Obama a 2008, suka sake zaɓensa a 2012, amma a 2014, yana kan mulki, garin Ferguson ya kama da wuta saboda ɗan sanda ya harbe wani saurayi baƙar fata.

Abin da ya fi tayar mani da hankali yanzu shi ne tsohon labarin Turawa ya dawo da sabuwar riga. A wayoyinmu ana ta yawo da maganganu cewa wai yaƙi ne tsakanin Hausa da Fulani, har wasu samari na cewa tun 1804 ake bin su bashi. Gaskiya ne yawancin 'yan bindigar da ke dajin Fulani ne, ɓoye wannan ba shi da amfani. Amma wa aka fara sace wa shanu in ba Fulani makiyaya ba? Masu kai masu labari da man fetur da burodi daga cikin gari, da dillalan da ke sayen shanun sata, su wace ƙabila ce? Sau nawa 'yan sa-kai suka kashe Bafillace a kasuwa don kamanninsa kawai, danginsa da ba su taɓa riƙe bindiga ba suka gudu daji? A ajinmu akwai wanda kakarsa ta wajen uwa ba ta jin Hausa sosai, kakansa na wajen uba kuwa Bamaguje ne da ya musulunta, to shi a wane layi za a sa shi? Tambayoyin Dokta Bala su ne dai har yanzu: wa ke cin riba, wa ke biya, ta wace hanya kuɗin fansa ke bi, a hannun wa suke ƙarewa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu, in an zo kasafin kuɗin taron baɗi, a ware wani abu a nemo littattafan nan na Dokta Bala a Zariya a ajiye a laburaren makaranta, ko da kwafi bibbiyu ne. Cikinmu kuma akwai waɗanda suka karanta tarihi da waɗanda suka karanta Hausa a jami'a. In mutum uku ko huɗu za su haɗu su nemi izinin masu haƙƙin littafin Katsina, su fassara ko da babin jihadi da na yaƙe-yaƙen Maraɗi, ni na ɗauki nauyin buga shi a na'ura da kai wa malamanmu na tarihi su duba kafin a kai maɗaba'a. Mai sha'awa sai ya ba sakataren ƙungiya sunansa.